Awon Abin Da Ido Ba Ya Gani: Zafi, Matsi Da Gaurayen Iskar Gas

Laccar da aka gabatar a garin Garo, Ƙaramar Hukumar Kabo, Jihar Kano

 

Mai girma shugaban taro; iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku; dagatai da masu unguwanni; malamanmu limamai, Allah ya ƙara wa rayuwarku albarka; shugabannin makarantu da malamansu; iyayenmu mata da suka ajiye aikin gida suka zo; manoma, direbobi, kanikawa da masu sayar da gas; sai ku ɗalibai, manyan gobe. Ina gaishe ku baki ɗaya. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da waɗanda suka taso daga Kabo da Gwarzo da ƙauyukan da ke tsakani.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda ake auna zafi da sauran halayen iskar gas. Na san wani a zuciyarsa yana cewa, ina ruwan mutumin Garo da wannan? Ai wannan zancen injiniyoyin Fatakwal ne. To, bari mu duba. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Me ya biyo baya? Masu noman rani da dama a Jihar Kano suka mayar da injin ban-ruwa yana shan gas ɗin girki. Masu janareta suka bi sahu. Gwamnati ta shiga kiran direbobi su koma CNG, wato gas ɗin mota. Ga kuma bututun AKK da aka ƙaddamar da aikinsa ran 30 ga Yunin 2020, wanda aka tsara ya taso daga Ajakuta, ya ratso Abuja da Kaduna, ya dire a Kano, tsawon kilomita 614. Gas ya riga ya shigo gida, ya shiga gona, yana shiga mota.

Magana ɗaya na zo da ita, sauran duk bayaninta ne: mai sayen gas, zafi yake saye. Wanda bai san yadda ake auna wannan zafin ba, a ciniki za a ƙware shi, a wajen aiki kuma yana iya jefa kansa da iyalinsa cikin hatsari. Zan kasa bayanin gida bakwai.

Na ɗaya: gas gauraye ne, kuma iri-iri ne

Abin da ke fitowa daga rijiyoyin yankin Neja Dalta tarin iskoki ne a cakuɗe. Mafi yawa a ciki ita ce miten, wadda takan kai kashi 80 zuwa 95 cikin ɗari. Sai iten, da furofen, da biyuten, da ɗan naitirojin, da kabon dayoksaid, da tururin ruwa. Naitirojin da kabon dayoksaid ba sa cin wuta ko kaɗan. Wuri kawai suke cinyewa a cikin bututu. Kowace rijiya da irin haɗinta, kuma rijiya ɗaya ma haɗinta kan sauya da tafiyar shekaru.

Daga wannan gauraye ake fitar da kaya uku da muke ji a rediyo. Akwai LPG, wato gas ɗin girki, wanda furofen da biyuten ne. A ƙasar nan biyuten ya fi rinjaye a ciki. Ana samun sa daga masana'antar tace gas da kuma matatun mai, irin matatar SORAZ ta Damagaram da ta fara aiki a 2011. Akwai CNG, wato miten da aka danne da matsi mai tsanani don mota. Akwai kuma LNG, miten ɗin da aka sanyaya har digiri 162 ƙasa da sifiri ya zama ruwa, ya tsuke kusan sau 600, yadda jirgin ruwa zai iya ɗauka. Tun watan Oktoban 1999 Najeriya ke fitar da shi daga tsibirin Boni.

Me ya sa na fara da wannan? Saboda halinsu ya bambanta ta inda ya shafi rai. Miten ya fi iskar da muke shaƙa sauƙi, nauyinsa kusan rabin nata ne, don haka in ya yi yoyo sama yake yi. Furofen ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, biyuten sau biyu. In sun yi yoyo ƙasa suke kwanciya, su bi ƙarƙashin gado, su taru a kwata da rami. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan: in kun ji warin gas a ɗakin girki, buɗe taga ta sama kaɗai ba ta isa ba, ƙofa za a wangale, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Warin nan ma da gangan ake zuba shi, domin tsantsar gas ba shi da wari. Bayan fashewar da ta hallaka mutum kusan 300 a wata makaranta a garin New London ta Jihar Texas a Amurka a 1937, aka wajabta sa masa wari, sauran duniya ta ɗauka.

Na biyu: zafin da abu ke riƙewa daban, zafin da yake bayarwa daban

Ɗalibai, ku buɗe kunne, nan ne aka fi ruɗewa a jarrabawa.

Na farko shi ne ƙarfin riƙe zafi: yawan zafin da kilo ɗaya na abu ke sha kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri ɗaya. Ana lissafa zafi da jul. Jul dubu shi ne kilojul. Kilo ɗaya na ruwa yana shan kilojul 4.18 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Ƙarfe kuwa kilojul 0.45 ya ishe shi. Shi ya sa da azahar a watan Afrilu ba ka iya dafa ƙofar ƙarfe, alhali ruwan dam ɗin Guzuguzu, da rana ɗaya ke dukan su, yana nan da sanyinsa. Iskar da muke shaƙa tana shan kilojul 1, miten kuma kusan 2.2. Wani malamin jami'ar Gilasgo a Sukotilan, Joseph Black, shi ya fara fayyace wannan a shekarun 1760.

Na biyu shi ne zafin ƙonewa: abin da kilo ɗaya ke fitarwa in an ƙone shi ƙurmus. Miten yana ba da kilojul 50,000 a kilo. Gas ɗin girki 46,000. Kananzir wajen 43,000. Gawayi mai kyau yakan kusanci 30,000. Busasshen itace 15,000 zuwa 16,000.

Yanzu mu haɗa su biyun mu ga amfaninsu. Uwargida za ta tafasa ruwa lita ɗaya daga digiri 25 zuwa 100. Digiri 75 sau 4.18, kilojul 313 ke nan. In da duk zafin gas yana shiga tukunya, kilo ɗaya zai tafasa lita 146. Amma murhun gas kusan rabin zafin kawai yake isarwa, sauran ya bi gefen tukunya ya tafi. Sai a samu lita 75 zuwa 80. Murhun duwatsu uku kuwa, da ƙyar kashi 15 cikin ɗari na zafin itacen ke shiga girki. In ka buga lissafin, tukunyar gas mai kilo 12.5 tana yin aikin itace sama da kilo 100. Ga manomi kuma: lita ɗaya ta fetur tana da kilojul wajen 32,000, don haka kilo ɗaya na gas yana daidai da fetur kusan lita ɗaya da rabi. Kowa ya san kuɗin lita, ya san kuɗin kilo. Ba sai wani ya gaya maka ko da riba ba, kai za ka lissafa da kanka.

Na uku: yaya ake auna wannan?

Wani zai ce, wa ya ƙirga waɗannan lambobi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ba tsafi a ciki.

A 1782 zuwa 1783, Faransawa biyu, Lavoisier da Laplace, sun ƙera tukunya mai ruɓi-ruɓi da aka kewaye da ƙanƙara. Sai su sa abu mai zafi a tsakiya, su tari ruwan da ya narke, su auna. Yawan ruwan shi ne yawan zafin. A 1892 wani Bajamushe, Hugo Junkers, wanda daga baya ya yi suna wajen ƙera jiragen sama, ya fito da na'urar da ake ƙona gas a cikinta ruwa na gudana ta kewaye. An san yawan gas ɗin da ya ƙone, an san yawan ruwan da ya wuce, an san ɗumin da ya ƙara. Tunda an san ƙarfin riƙe zafin ruwa, sai zafin ƙonewar gas ya fito. Kun ga yadda awo na farko ya zama tsanin na biyu.

Ƙarfin riƙe zafin shi kansa gas fa? Ana tura shi ta cikin siririn bututu da aka killace don kada zafi ya tsere. A tsakiya akwai waya mai ɗumama shi da lantarki, akwai ma'aunin ɗumi kafin wayar, akwai wani bayanta. A ce giram 10 na miten ke wucewa kowace daƙiƙa, wayar tana ba da jul 220 kowace daƙiƙa, sai aka ga ɗumi ya ƙaru da digiri 10. Raba 220 da giram 10, ka sake rabawa da digiri 10, ka samu 2.2. Ɗalibin aji biyar na sakandare zai iya wannan lissafi. Wahalar tana wajen hana zafi tserewa da samun ma'auni mai gaskiya. Shi ya sa ake amfani da ma'aunin ɗumi na ƙarfen filatinam.

Akwai wata hanya da za ta ba ku mamaki, ta sauti. A cikin iska sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa, a cikin miten kuwa kusan mita 450. Gudun nan yana da alaƙa da nauyin gas da ƙarfin riƙe zafinsa. Sai a cika wata ƙwallon ƙarfe da gas, a kaɗa sauti a ciki, a saurari amonsa, daga nan a ciro lambobin.

To, tunda kowace rijiya da haɗinta, za a zauna a auna kowane haɗi ɗaya bayan ɗaya ne? Ba mai yiwuwa ba ne. Abin da ake yi, akwai na'urar da ake kira kuromatogiraf, wadda ke ɗibar ɗan gas ta tura shi ta doguwar siririyar hanya. Masu sauƙi su riga fita, masu nauyi su biyo baya, a ƙirga kowanne. Sai a zuba sakamakon cikin wani lissafi da aka gina kan dubban gwaje-gwaje na gaske. Fitaccen cikinsu shi ne GERG-2008, aikin Kunz da Wagner na jami'ar Bochum a Jamus, wanda ya ƙunshi iskoki 21. Ka ba shi haɗin gas da matsinsa da ɗuminsa, ya gaya maka nauyinsa da ƙarfin riƙe zafinsa da gudun sauti a cikinsa. A gas ɗin bututu, kuskurensa wajen nauyi bai wuce ɗaya cikin dubu ba.

Na huɗu: tukunyar da ke yin sanyi a tsakiyar rana

Nan zan daɗe kaɗan, domin ina ganin masu noman rani na bakin Guzuguzu da Magaga a cikin taron nan, kuma na tabbata sun ga abin da zan faɗa. Inji na aiki, rana na duka, sai ka ga jikin tukunyar gas ya yi raɓa, wani lokaci har da farar ƙanƙara. Can sai inji ya fara tari, ya mutu. Ka jijjiga tukunya ka ji da saura a ciki. Me ya faru? An cuce ka ne a wajen ɗuri?

Ba lallai ba ne. Abin da ke cikin tukunyar ruwa-ruwa ne, kuma kafin ya zama iskar da inji ke sha sai ya tafasa. Tafasa tana cin zafi: kilo ɗaya na gas ɗin girki yana bukatar kilojul kusan 350 kafin ya zama iska, wato fiye da abin da ya tafasa wa uwargida ruwa lita ɗaya ɗazu. Ina zai samo wannan zafi? Daga jikinsa da jikin tukunya da iskar da ke kewaye. Murhu yana ja a hankali, iskar waje tana mayar da abin da aka ɗiba. Inji kuwa yana ja da sauri, sai ruwan gas ya ci daga jikinsa ya yi ta sanyi.

Ga inda ƙarfin riƙe zafi ya shigo. Ruwan gas yana riƙe kilojul wajen 2.5 a kilo kan kowane digiri. In akwai kilo 12 a tukunya, jan giram 100 zai rage mata ɗumi da digiri ɗaya da ɗoriya. In kilo 2 ya rage, jan giram 100 ɗin nan zai rage digiri 7. Shi ya sa matsalar ta fi tsanani in tukunya ta yi ƙasa. Kuma biyuten yana daina tafasa da zarar ya sauka zuwa sifiri, alhali furofen yana ci gaba har digiri 42 ƙasa da sifiri. Gas ɗin da biyuten ya rinjaya a ciki, da ya yi sanyi sai matsinsa ya faɗi, musamman da asubar hunturu.

Maganinsa tukunya babba, ko a haɗa biyu su raba jan. Abin da ba magani ba ne: hura wuta a gindinta, ko kwantar da ita don ruwan gas ya gangaro cikin tiyo. Lita ɗaya ta ruwan nan takan zama iska kusan lita 250 in ta samu hanya. Wa zai iya da wannan a bakin inji mai zafi?

Ɗaya gefen kuma shi ne zafi. A digiri 20 matsin furofen a tukunya wajen bar 8 ne. A digiri 40, wanda muke wucewa a bazara, ya kusa bar 14. Bar ɗaya shi ne kimanin matsin iskar da ke kewaye da mu. Ruwan gas kuma yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha sau goma ko fiye. Dalilin da ya sa ƙa'ida ta ce kada a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin ɗari ke nan. Mai gas ɗin da ya ce zai danna maka har wuya don ku saba, ba alheri ya yi maka ba. A ajiye tukunya a tsaye, a inuwa, inda iska ke shiga.

Kanikawa, ga naku. Lita ɗaya ta iskar miten tana bukatar iska lita tara da rabi don ta ƙone sarai. Furofen yana bukatar 24, biyuten 31. Don haka kan murhu ko kafireta da aka saita wa wani gas ba zai yi daidai da wani ba. Wani injiniyan Italiya, Goffredo Wobbe, ya fitar da ma'aunin da ake gane ko gas biyu za su iya maye gurbin juna tun 1927, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. In harshen wuta shuɗi ne, saiti ya yi. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, iska ta yi kaɗan, kuɗi na tafiya a banza, kuma ana iya samun iska mai guba marar wari da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki.

Na biyar: bututu da mota

Gas yana da wata ɗabi'a: in an danne shi ya yi zafi, in an sake shi ya yi sanyi. Turawan Birtaniya biyu, James Joule da William Thomson, sun nuna a 1852 cewa gas mai matsi in ya kutsa ta ƙaramar kafa ya fita inda matsi ya ragu, ɗuminsa kan faɗi. A gas ɗin bututu, duk bar ɗaya da aka rage yana tafiya da kusan rabin digiri.

Ku ɗauki bututun AKK, mai faɗin inci 40. Ba za a shigar da gas cikin masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da irin matsin da ya yi doguwar tafiya da shi ba; sai an rage. A ce an sauke shi daga bar 70 zuwa 20. Ɗuminsa zai faɗi da kusan digiri 25. In da ɗan damshi a ciki, sai ruwa ya haɗu da miten su daskare su zama wani abu mai kama da ƙanƙara, wanda a ƙarƙashin matsi yakan samu ko da ɗumi bai sauka sifiri ba. Wani Ba'amurke, Hammerschmidt, ya gano a 1934 cewa wannan ne ke toshe bututun gas. Don haka a kowace tashar rage matsi sai an ɗumama gas tukuna. Girman na'urar ɗumamawar nawa? Amsar tana cikin ƙarfin riƙe zafi. Kuma nan ne aikin ya ƙara wuya, domin 2.2 ɗin da na faɗa na matsin iskar waje ne. A bar 100 ya kusa 3. Injiniyan da ya ɗauki lambar farko ya yi aiki da ita a bututu, zai sayo na'urar da ta gaza.

A mota ma haka ne. Tukunyar CNG tana ɗauke da matsin bar 200, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. Kafin gas ya shiga inji sai an sauke wannan matsi, shi ya sa ake zagayo da ruwan zafi na lagireto ta jikin regiletar don kada ta daskare. Direbobi kuma kan yi ƙorafi: an cika mini allura ta kai 200, na kwana na tashi ta sauka, alhali ban je ko'ina ba. Sau da yawa ba yoyo ba ne. Ɗuri da sauri ya ɗumama gas ɗin, da ya huce sai matsi ya ragu, nauyinsa yana nan. Amma a riƙa sa kanike ya duba, don a tabbata.

Gargaɗi ɗaya, kuma ina roƙon direbobi su isar wa waɗanda ba su zo ba. Tukunyar girki an ƙera ta ne don matsin da bai kai bar 20 ba a aikin yau da kullum. Ba a ɗura mata CNG. Ba a zuwa wajen mai walda ya haɗa tukunyar CNG. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a wajen ɗurin CNG a Benin ta Jihar Edo, mutane suka jikkata, hukuma kuma ta ce tukunyar ta haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A nan kuwa tana iya cin rai.

Na shida: awo da haƙƙi

Mu nan mutanen hatsi ne. Ba wanda zai sayi dawa a kasuwar Gwarzo bai dubi kwanon awon ba, bai tsoma hannu ya ji ko da tsakuwa da ƙaiƙayi ba. Cinikin gas ma haka yake, sai dai shi kwanonsa yana buɗewa yana tsukewa da zafin rana, kuma ƙaiƙayinsa ba ya ganuwa.

Ana sayar da gas ɗin bututu da CNG da kubik-mita, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare, daidai da duro biyar masu lita 200. Amma gas yana kumbura da zafi. Abin da ya cika kubik-mita 100 a digiri 15, a digiri 40 zai cika kusan 109. In mitar mai sayarwa ba ta cire wannan bambanci ba, ka biya kuɗin tara da ba ka karɓa ba. Saboda haka akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta ce a mayar da awo kan digiri 15 da matsin iskar waje. Matsi ma yana da nasa: a bar 200 miten yana dannuwa fiye da yadda lissafin littafin sakandare ya nuna, da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sannan ga haɗi: kubik-mita mai naitirojin da yawa ba ya ba da zafin da mai tsabta ke bayarwa. Shi ya sa manyan masu saye ba sa biyan kuɗi kan yawa kawai, kan zafin da ke ciki suke biya.

An tsara AKK ya ɗauki kimanin kubik-fit biliyan 2 a rana. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a awo, kubik-fit miliyan 20 ke nan kowace rana ta Allah. Wa zai biya? Masana'anta za ta ɗora a kan kaya, kamfanin lantarki ya ɗora a kan bil, a ƙarshe ya sauko kan ni da kai.

A matakin gida abin ya fi sauƙi, domin gas ɗin girki da kilo ake sayarwa, kilo kuma ba ya kumbura. A jikin kowace tukunya an buga nauyinta in ba komai a ciki. A ɗora ta a sikeli kafin ɗuri, a ɗora bayan ɗuri, a gaban mai kaya. Akwai sashen awo da ma'auni na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya, akwai hukumar SON mai kula da ingancin tukwane, akwai NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa don sa ido kan harkar. Tun kafin su kuma, malamanmu da ke nan sun fi ni sanin cewa akwai sura sukutum a Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifina, kan masu tauye awo.

Na bakwai: me ya rage mana?

Najeriya tana da gas da aka tabbatar sama da kubik-fit tiriliyan 200, mafi yawa a Afirka. Akwai kuma shirin zarcewa da bututu daga Kano ya ratsa Nijar zuwa Aljeriya. Kowace tashar rage matsi, kowane gidan ɗurin CNG, kowace masana'anta, tana bukatar mai karanta mita, mai gwada kuromatogiraf, mai saita regileta, mai duba tukwane. Su wa za su yi wannan aiki a Kano? In ba mu shirya 'ya'yanmu ba, za a zo da masu yi daga wani wuri, namu su tsaya a bakin ƙofa suna gadi.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. Jami'ar Bayero, da ke kan wannan titi namu na Gwarzo, tana koyar da injiniyancin sinadarai da man fetur. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe a fannin. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, akwai makarantar horon man fetur ta Effurun a Jihar Delta, akwai asusun PTDF da ke ɗaukar nauyin karatu. Ƙofar shiga duka ita ce lissafi da fizik da kimistiri a sakandare, ga maza da mata.

Malaman kimiyya, ina da roƙo gare ku. Gwajin ƙarfin riƙe zafi ba ya bukatar ɗakin gwaji na miliyoyi. Gwangwani, ruwa, ma'aunin ɗumi, sikeli da ƙaramin murhun gas sun isa ɗalibai su auna gas nawa ya ƙone kafin lita ɗaya ta tafasa, su gwada da murfi da kuma ba murfi, su fitar da kashin da ya ɓata. Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya ya daina haddar lamba, ya fara tambayar inda ta fito. Ƙungiyoyin manoma kuma su tanadi sikeli nasu. Masu sayar da gas su nemi horo da lasisi, su raba shagunansu da masu suya da masu walda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Harkar nan yanzu take tasowa a wurinmu, yanzu ne lokacin ɗora ta kan ƙa'ida.

  Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kare mu daga gobara da hatsari, ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Fili naku ne yanzu. Ina so a fara da iyayenmu mata da manoma da kanikawa, domin su ke riƙe da tukwanen nan kullum, sannan ɗalibai su biyo baya. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu.